Shekaru uku domin sakan 31: yadda ƴan tseren BMX ke horar da jiki da zuciya

A daren Juma'a 2 ga Agustan 2024, a filin tseren keke na Saint-Quentin-en-Yvelines da ke wajen birnin Paris, ƴan Faransa uku suka kwashe dukkan lambobin tseren BMX na maza a wasannin Olamfik. Joris Daudet ya ɗauki zinare, Sylvain André azurfa, Romain Mahieu tagulla. Rabon da Faransa ta haɗa lambobi uku a wasa guda a Olamfik na bazara tun 1924. Daga tashi zuwa layin ƙarshe, sakan 31 da ɗoriya kacal Daudet ya yi.

Mutanen nan uku su ne dai suka kai zagayen ƙarshe a Tokyo a 2021, suka koma gida hannu rabbana. André ya zo na huɗu, Mahieu na shida, Daudet kuwa ya faɗi a kwanar ƙarshe yana tsakiyar neman tagulla. Ba wannan ne karon farko da Olamfik ta juya masa baya ba. A Landan a 2012 bai kai zagayen ƙarshe ba, a Rio a 2016 kuma ya je yana zakaran duniya, aka fitar da shi tun da wuri bayan ya faɗi. Sai a zuwansa na huɗu, yana da shekara 33, abin ya yiwu.

A wannan mataki kekunan kusan iri ɗaya ne, ƙarfin ƙafar mahayan ma bai cika nisa da juna ba. To me mutum yake yi tsawon shekaru domin rabin minti ya fito daidai a ranar da ake so?

Wane irin wasa ne?

BMX ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, lokacin da yara suka riƙa kwaikwayon masu tseren babur a kan ƙasa da ƙananan kekunansu. An yi gasar duniya ta farko a 1982, Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, ta karɓi wasan a 1993, ya shiga Olamfik a Bejin a 2008. Ƴar Faransa Anne-Caroline Chausson ce ta fara cin zinaren mata, Māris Štrombergs na Latbiya ya ci na maza. A wannan zagayen ƙarshe na Bejin akwai ɗan Afirka ta Kudu, Sifiso Nhlapo.

Wasan ya kasu gida biyu. Akwai tsere, inda mutum takwas ke tashi lokaci guda daga kan tudu mai tsayin mita 8, su bi hanya mai tsawon mita 300 zuwa 400 cike da tozaye da kwanoni masu gefe a ɗage. Akwai kuma ɓangaren gwaninta, wanda ya shiga Olamfik a Tokyo, inda ake ba mahayi sakan 60 ya nuna alkafura da juyi a sama, alƙalai su ba shi maki. Keken ƙarami ne, tayarsa inci 20, giyarsa ɗaya. Na tsere birkinsa ɗaya ne a baya, sirdinsa kuma kusan ado ne, domin a tsaye ake yin tseren gaba ɗaya.

Ƙyauren tashi

Duk wanda yake son fahimtar horon BMX, to ya fara da ƙyauren ƙarfen da ke saman tudun. Mahayan takwas suna jingina tayar gaba da shi, ƙafafu biyu a kan feda, takalman a maƙale, suna tsaye cak ba tare da sun taka ƙasa ba. Wata murya da aka naɗa tana sanar da su su shirya. Daga nan sai shiru. Na'ura ce ke zaɓar tsawon shirun, daga kashi ɗaya cikin goma na sakan zuwa sakan 2.7, kuma ba wanda ya san nawa za ta zaɓa, har mai kula da ita. Sai ƙara huɗu a jere tare da fitilu, ja, ɗorawa biyu, kore, ƙyauren ya faɗi. Tsakanin ƙarar farko da faɗuwarsa bai kai rabin sakan ba.

An shigo da wannan shirun ne domin a hana mahaya haddace lokacin tashi. Ɗan adam yana buƙatar kusan kashi biyu cikin goma na sakan kafin jikinsa ya amsa abin da ido ya gani. Wanda ya jira ya ga kore, an riga an bar shi. Dole motsi ya fara tun a fitilar farko: mahayi ya cilla ƙugunsa gaba zuwa hannun keke, ya danna fedar farko da dukkan nauyinsa, ta yadda tayar gaba za ta bi ta saman ƙyauren daidai lokacin da yake kwantawa. In ya yi gaggawa, ya daki ƙarfe, wani lokaci ya wuntsila ta kan keken. In ya yi jinkiri ko da na ƙiftawar ido ne, maƙwabtansa na dama da hagu sun sa gwiwar hannunsu a gabansa, hanya ta rufe.

A gindin gangarar gudun ya kai kusan kilomita 60 a awa, ga tozo na farko yana jira. Wanda ya riga kowa shiga kwanar farko shi ke zaɓar inda zai bi, sauran su yi ta cin ƙurarsa suna neman kafar wucewa, kuma sau da yawa shi ke cin tseren. Wannan ya sa mahayan da suka fi ƙoƙari a zagayen baya ake ba su damar fara zaɓar layin da za su tsaya a kan ƙyaure.

Saboda haka babban rabo na horon mako yana tafiya ne a kan sakan biyu zuwa uku na farko. Ana maimaita tashi ana ɗaukar hoton bidiyo, ana auna lokacin da mahayi ya yi daga ƙyaure zuwa inda gangarar ta karye da kuma gindinta, ana gardama a kan ɗigon da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. Kuma ba a yin tashi da yawa a zama guda. Da zarar gajiya ta fara, motsin yana lalacewa, jiki kuma abin da aka maimaita masa yake haddacewa, mai kyau ne ko marar kyau.

Ɗakin ƙarfe da dogon hutu

Mai tseren BMX ya fi kama da mai gudun mita 100 ko mai ɗaga ƙarfe fiye da masu tseren kewaya Faransa da ke wuni a kan sirdi. Manyan maza kan fitar da ƙarfin da ya haura wat 2,000 a dannawar farko-farko. Ana gina wannan ne a ɗakin motsa jiki, da tsuguno da ƙarfe mai nauyi a kafaɗa, da ɗago ƙarfe daga ƙasa, da tsalle kan akwati. Nauyi kaɗai bai isa ba, sai an koya wa tsokar ta saki ƙarfin cikin sauri. Don haka ake haɗawa da gajeren gudu a kan kwalta, wani a kan hawa domin ƙarfi, wani a kan gangara domin ƙafa ta saba juyawa da saurin da ya wuce hankali, tunda babu giyar da za a canza.

Baƙon da ya je kallon atisayen zai yi mamakin yawan zama. Mahayi ya yi gudun sakan shida ko takwas, ya sauka ya huta minti huɗu ko biyar. Ba lalaci ba ne. Makamashin gaggawa da tsoka ke ajiyewa, wanda masana ke kira fosfokiriyatin, yana ƙarewa cikin kamar sakan goma, kuma yana buƙatar mintuna kafin ya dawo. Wanda ya ƙi hutawa ya koya wa jikinsa juriya, amma ya rage masa kaifi.

Bayan miƙen farko ba a cika taka feda ba. Gudun yana fitowa ne daga yadda mahayi ke sassauta jiki yayin hawa tozo, ya danna keken da hannu da ƙafa yayin sauka, kamar yadda yaro ke ƙara wa lilo gudu ba tare da an tura shi ba. A wasu wuraren ya tsallake tozaye biyu a sama, a wasu ya ɗaga tayar gaba ya bi su da ta baya. Tsallen da ya yi sama da yawa yana burge ƴan kallo, amma asarar lokaci ne, gwanaye ƙasa-ƙasa suke tashi. Wannan fasaha da ƙuruciya ake kama ta. Mariana Pajón ta Kolambiya, mai zinare biyu a 2012 da 2016 da azurfa a Tokyo, ta fara tun tana ƴar shekara huɗu.

Juriyar ma tana da wurinta, domin ba sau ɗaya ake gudun ba. A Paris an yi zagaye uku a ranar farko, uku a rana ta biyu, sannan na ƙarshe a wannan daren. Wanda ya ga Bethany Shriever ta Birtaniya bayan ta ci zinare a Tokyo, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta har sai da abokin wasanta Kye Whyte ya sungume ta, ya san abin da sakan arba'in ke yi wa cinya.

Tsoro yana da dalili

A wasanni da yawa fargabar ɗan wasa ta shan kaye ce da jin kunya. A BMX akwai wadda ta fi wannan. A Satumban 2016 Sam Willoughby na Ostireliya, mai azurfar Landan kuma zakaran duniya sau biyu, ya faɗi a wurin atisaye a Kalifoniya, ya karya wuya, ya koma kan keken guragu. Connor Fields na Amurka, mai zinaren Rio, ya faɗi a zagayen kusa da na ƙarshe a Tokyo, jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, daga baya ya yi ritaya. Duk wanda ya hau ƙyauren nan ya san waɗannan mutane, wasu ma abokansa ne.

Masu horarwa na ƙwarai ba sa ce wa mahayi ya daina jin tsoro, don ba abu ne da ake kashewa kamar fitila ba. Matsalar tsoro a wannan wasa ita ce yana jawo abin da ake gudu. Wanda ya tunkari babban tozo, zuciyarsa ta raya masa ya taɓa birki, gudunsa zai ragu, ya kasa kaiwa wurin sauka, ya daki fuskar tozo na biyu. Jikin da ya ƙage kuma ba ya shanye bugu. Sau da yawa wanda ya shiga da rabin zuciya ya fi wanda ya shiga gaba ɗaya haɗari.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne hawa mataki-mataki. A fara da ƙaramin tozo wanda tsakiyarsa a cike take, ko an gaza ba rami. A koma babba. A bi bayan gwani domin a ɗauki ma'aunin gudunsa. A yi shi kaɗai, sannan da mutum ɗaya a gefe, sannan cikin takwas. A ɓangaren gwaninta tsarin ya fi fitowa fili: sabon juyi ana fara shi ne a cikin rami cike da gutsattsarin soso, sai a koma kan gangara mai laushi da aka shimfiɗa wa roba, sai a ƙarshe a kai shi kan katako. Logan Martin na Ostireliya, wanda ya ci zinaren farko na maza a wannan ɓangare, filin atisaye sukutum ya gina a bayan gidansa domin ya samu maimaitawa yadda yake so. Ƙarfin zuciyar da ake gani a talabijin tarin shaida ne da mahayi ya tara wa kansa, cewa ya yi abin nan sau ɗaruruwa kuma ya sauka lafiya.

Charlotte Worthington ta Birtaniya ta nuna haka a Tokyo. A zagayenta na farko ta gwada alkafurar baya haɗe da cikakken juyi, abin da babu macen da ta taɓa sauke shi a gasa, ta faɗi. Mintuna kaɗan bayan haka ta sake gwada shi, ta sauka, aka ba ta maki 97.5 da zinare. A Paris ma Anthony Jeanjean na Faransa ya faɗi tun a farkon zagayensa na farko a gaban jama'ar gida, ya dawo a na biyu ya ci tagulla. Tsarin gasar, inda ake ɗaukar mafi kyau cikin zagaye biyu, yana saka wa wanda ya iya ajiye faɗuwa a gefe cikin ɗan lokaci.

Abin da ake yi da zuciya kafin a hau

In aka lura da mahaya a bayan tudun tashi, za a ga wasu sun rufe ido, hannuwa a gaba kamar suna riƙe da keke, kafaɗu suna karkata dama da hagu. Suna bin hanyar ne a zuci. Bincike ya daɗe da nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa masu tsara motsi suna aiki idan mutum ya suranta motsin, ko bai yi shi ba. A 2001 masana biyu na Birtaniya, Paul Holmes da Dave Collins, suka fitar da wani tsari da ke cewa surantawar tana ƙara amfani gwargwadon kamanninta da zahiri: a yi ta a tsaye, da hular kwano in da hali, da saurin tseren na gaskiya, har da bugun zuciyar da ke zuwa da shi. Ga wasan da ba za a iya maimaita shi da cikakken gudu sau hamsin a rana ba, wannan ƙarin atisaye ne da ba ya cin cinya kuma ba ya karya ƙashi.

Masu wayo ba tseren da komai ya tafi daidai kaɗai suke surantawa ba. Suna shirya amsa tun kafin tambaya ta zo: in na fito na huɗu, zan bi ƙasan kwanar farko, in aka matse ni a ciki, zan hau sama in sauko da gudu. A cikin tsere babu lokacin shawara. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun zafin jini. Tun 1908 masana halayya Robert Yerkes da John Dodson suka yi gwajin da aka gina wata fahimta a kansa, cewa aiki yana ƙara kyau idan kuzari ya tashi, amma zuwa wani matsayi, in ya wuce nan sai ya fara lalacewa. Ɗan kokawa yana da makaɗi da kirari masu tsuma shi kafin ya shiga fili. Mai BMX a daren gasa sau da yawa akasin haka yake nema, don ihun jama'a da tsayin tudun sun riga sun tsuma shi fiye da kima. Abin da ya fi sauƙi a hannunsa shi ne numfashi: shaƙa ta hanci, fitarwa a hankali ta fi shaƙar tsawo, abin da ke rage bugun zuciya. Kowa kuma yana da jerin ƴan abubuwan da yake yi iri ɗaya kullum, gyara safar hannu, daidaita feda, kallon wuri guda. Ƙyauren Olamfik da na filin garinsu sai su zama kusan abu ɗaya a wurin jikinsa.

Akwai tarko guda da ke kama ƙwararru musamman. Motsin da aka maimaita dubban lokuta yana tafiya da kansa, amma idan matsin lamba ya yi yawa, sai mutum ya fara sa wa kansa ido, yana lissafin ina ƙugu, ina gwiwa. Nan take motsin ya rarrabu, ya yi nauyi, kamar direban da ya shekara ashirin yana tuƙi aka ce ya bayyana yadda yake sa giya yana cikin sawa. Shi ya sa ake ba mahayi kalma ɗaya ko biyu ya riƙe a kan ƙyaure, ko a ce ya sa hankalinsa a kan fitilar kawai. Ana kuma raba masa buri gida biyu. Lamba ba a hannunsa take ba, tunda mutum bakwai na iya kayar da shi ko su rufe shi. Tashinsa da layin da zai bi su ne nasa, su ake so ya auna kansa da su.

Niek Kimmann na Holan ya gwada wannan a hanya mai wuya. Kwanaki kaɗan kafin gasar Tokyo, yana atisaye da cikakken gudu, wani jami'i ya tsallaka hanya, suka yi karo, ƙoƙon gwiwarsa ya tsage. Da wannan gwiwar ya ci zinare.

Lamba 77

Labarin da ya fi nuna yadda ake komowa daga tsoro shi ne na Saya Sakakibara ta Ostireliya. Ita da yayanta Kai tare suka taso a kan keke, tare suke neman zuwa Tokyo. A Fabrairun 2020, a gasar cin kofin duniya a garin Bathurst, Kai ya faɗi ya bugu a ka. Ya yi makonni cikin dogon suma, da ya farfaɗo sai da ya sake koyon magana da tafiya. Saya ta je Tokyo ita kaɗai, ta faɗi a zagayen kusa da na ƙarshe, aka fitar da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya da buguwar ƙwaƙwalwa. A 2022 ta sake samun irin wannan rauni. Ta faɗa a fili cewa tsoro ya kama ta, har ta yi tunanin barin wasan.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ita kuwa saran ba nata kaɗai ba ne, kullum tana ganin abin da faɗuwa ɗaya ta yi wa ɗan'uwanta. Ta huta, ta dawo a hankali, ta ɗauki lambar Kai, 77, ta manna a gaban kekenta. Ta ci kofin duniya na kakar 2023 da na 2024, a Paris kuma ta ci zinare, Kai yana cikin ƴan kallo. Tudun bai rage tsayi ba, haɗarin ma yana nan. Ta dai sake tara shaidar da ta rushe, tozo bayan tozo, ta kuma samu dalilin hawa wanda ya fi ƙarfin fargabar.

Me ke tayar da mutum da safe?

Lambar Olamfik sau ɗaya take zuwa a shekara huɗu, ga mutum uku kacal. Ba ta isa ta riƙe mutum a ɗakin ƙarfe a ranar Talata ta tsakiyar hunturu ba. Edward Deci da Richard Ryan, masana halayya na Amurka, sun yi bayani a littafinsu na 1985 da ayyukan da suka biyo baya cewa himma mai ɗorewa tana tsaye ne a kan abu uku: mutum ya ji da zaɓinsa yake yi, ya ga yana ƙara iyawa, ya kuma ji yana cikin mutanen da suka damu da shi. Idan lada da tsoron kunya suka maye gurbin waɗannan, aikin yana ci gaba na ɗan lokaci, amma daɗinsa ya tafi. Worthington da kanta ta janye daga gasa na wani lokaci a 2023, shekara biyu bayan zinarenta, ta ce tana bukatar ta sake samo jin daɗin hawan keke.

Shriever ta fito ta wata ƙofar. Bayan Rio, hukumar da ke raba kuɗin wasanni a Birtaniya ta yanke shawarar tallafa wa maza kaɗai a tseren BMX. Ta kama aikin mataimakiyar malama a makarantar yara, ta nemi gudummawar jama'a ta intanet domin kuɗin tafiye-tafiye, kafin daga baya hukumar keken ƙasar ta ɗauke ta. Willoughby kuwa daga kan keken guragu ya zama kocin matarsa Alise, wadda ta ci gasar duniya a 2017 da 2019 da 2024.

Ƴan Faransan uku ma ba baƙin juna ba ne, kuma kowannensu ya taɓa zama zakaran duniya: Daudet a 2011 da 2016 da 2024, André a 2018, Mahieu a 2023. Wanda abokan tawagarsa irin waɗannan ne, duk tashin da ya yi tare da su a atisaye kusan zagayen ƙarshe ne. A nan Faransa ta fi yawancin ƙasashe, domin tana da ƙungiyoyi da filayen BMX birjik a ƙananan garuruwa, inda yara ke fara hawa ƙyaure tun suna firamare. Ba himma ce ta yi ƙaranci a ƙasashen da ba a jin sunansu a wannan wasa ba. Yaron da ke ɗaga tayar gaba a kan titi yana da ƙarfin hali, abin da ya rasa shi ne fili, da hular kwano mai rufe haɓa, da wanda zai jera masa matakan.

Inda shiri ke tsayawa

Bai kamata a ɗauka shirin zuciya laya ba ne. Shriever ta je Paris tana riƙe da kambu, ta ci dukkan zagaye shida na share fage, a na ƙarshe ta maƙale cikin cunkoso ta zo ta takwas. Kimmann ma bai samu kare zinarensa ba, kumburin tsokar zuciya ya hana shi zuwa.

Akwai kuma wurin da ƙarfin hali ke zama illa. Buguwar ƙwaƙwalwa ba ta nuna jini a waje, ɗan wasan da aka raina a kan jurewa kuma yakan ɓoye ciwon kai da jiri domin kada a cire shi. Bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari nesa ba kusa ba, ga shi raunin yana rage saurin amsawar jiki, abin da mai hawa ƙyaure ya fi buƙata. A ƙarshen 2020 UCI ta fitar da ƙa'idar duba irin wannan rauni a dukkan wasannin keke. Wanda ake zargin ya bugu a ka, a fitar da shi daga gasar nan take. Dawowarsa kuma daki-daki ce: hutu, sai motsa jiki marar nauyi, sai keken da ke kafe wuri guda, sai fili shi kaɗai, sai cikin jama'a. In alamun suka dawo a kowane mataki, a koma na baya, kuma likita ne ke da maganar ƙarshe a kan ranar da zai sake jingina taya da ƙyaure.